Tsaga a Ƙarƙashin Benen Silima

Na Sama ake ce masa, don kuwa shekara talatin da huɗu aikinsa a sama yake. Wani ɗan ɗaki ne a bayan kujerun bene na tsohon gidan silima, ɗakin da in ka ware hannu biyu sai ka kusa taɓa bango da bango. Injin haska fim biyu ne a ciki, da kujerar ƙarfe da aka ɗaure wa ƙafa da waya, da kanta cike da gwangwanayen fim. A bangon gaba akwai 'yan tagogi uku: biyu na fitar haske, ɗaya tasa ta leƙe. Kullum ɗakin cikin warin man inji da ƙaurin ƙura yake. Matarsa, wadda sana'arta ɗinki, takan ce ko an rufe mata ido za ta tsamo rigarsa daga cikin wankin unguwa kaf.

Asalinsa mai gyaran lantarki ne. An kira shi ya duba wata waya da ke tartsatsi, ya tarar mai riƙe da injin ya tsufa, ido ya fara gaza masa. Daga "riƙe mini nan" sai "gobe ma ka leƙo", har aikin ya dawo hannunsa. Cikin wannan aiki ya yi aure, ya haifi 'ya'ya huɗu, ya aurar da su, furfura ta cinye masa kai. Siriri ne, marar yawan magana, yana tafiya kamar mai gudun tayar da mai barci.

Fina-finan da suka bi ta hannunsa ba su ƙirguwa: na faɗa, na soyayya, na rawa da waƙa. Amma akwai guda ɗaya da yake ajiyewa daban, a kantar sama, lulluɓe da tsohon zanen gado. Tsohon fim ne baƙi da fari, da yaren wata ƙasa mai nisa, wanda kamfanin da ya kawo shi ya rushe bai dawo ɗaukar kayansa ba. Mutanen gari ba su damu da sunansa na gaskiya ba, Fim ɗin Matakala suke ce masa. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata da la'asar ake haska shi, kuma ba a taɓa rasa jama'a ba.

Labarin ba shi da yawa. Wata mata ce mijinta ya rasu ya bar mata dogon gida na katako. Ƙanin mijin yana zaune tare da ita, mutum mai fara'a da ladabi, mai buɗe wa baƙi ƙofa. Ba a yi minti biyar da farawa ba ake nuna shi ya shiga ƙarƙashin matakalar gidan da zarto, ya yanke mataki na tara har saura ƙiris, ya shafa masa toka don kada a gane. Ɗakin matar a sama yake. Amma a ranar sai ta gurɗe a ƙafa, likita ya ce ta zauna a ƙasa sai ta warke. Daga nan kuma sai shan shayi, da karanta wasiƙa, da hira a kan ruwan sama. Likita zai hau ɗauko magani, sai ya riƙa tsallake mataki bibbiyu don sauri. 'Yar aiki za ta hau da kwandon wanki, ta kai na takwas, sai a buga ƙofa ta juyo. Ƙafar matar kuwa kullum sauƙi take samu.

Na Sama ba allon yake kallo ba, ya riga ya haddace shi. Ƙeyar mutane yake kallo ta 'yar tagarsa. Yakan ga masu ɓarar gyaɗa sun daina ɓara, hannu ya tsaya tsakanin cinya da baki. Yakan ji zauren gaba ɗaya yana ƙirga mataki ƙasa-ƙasa: shida, bakwai, takwas. Ya taɓa ganin wani ƙaton direban babbar mota ya rufe fuska da hula. Ya taɓa jin wata tsohuwa tana roƙon Allah bil haƙƙi kada ƙafar matar nan ta warke.

"Ni fa abin nan ya ɗaure mini kai," in ji matarsa wata rana, tana zura zare a allura. "Kowa a garin nan ya san wanda ya faɗa daga ƙarshe. Me ake komawa nema?"

"Ba faɗuwar ake zuwa gani ba."

"To mene ne?"

Ya juya kofin shayinsa. "Ke kin san akwai abu a matakin, ita ba ta sani ba, kuma ba ki da bakin gaya mata. Wannan riƙe numfashin ake so. In aka kunna fitila, mutum ya fito ya ga titi na nan, masu motoci na ta hayaniyarsu, sai ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka."

"Wato mutum ya kai kansa a ɗora masa buhu don ya ji daɗin saukewa."

"Kusan haka."

"Allah ya shirya ku, kai da su," ta ce, ta ci gaba da taka kekenta.

A daminar shekararsa ta talatin da huɗu ne hoto ya fara sauka. Wata Laraba ya kunna inji ya ga ƙafafun 'yan wasa sun zubo ƙasan allo, sama kuma ta bar baƙin layi mai faɗin tafin hannu. Ya ɗauka ƙafar injin ce ta kwance. Ya ɗaure ta, ya cusa ɗan kwali a ƙarƙashi, hoto ya koma daidai. Bayan mako biyu ya sake sauka, ya ƙara kwali. Da ya lura inji na biyu ma ya sauka daidai gwargwadon na farko, sai ya tsaya cik. Inji biyu ba sa kwancewa rana ɗaya. Ya cire batiri daga tocilarsa, ya kwantar da shi a tsakiyar ɗakin, ya ɗauke hannu. Batirin ya ɗan yi jim, sannan ya gangara a hankali har ya bugi bangon gaba.

Washegari da hantsi ya sauka zauren ƙasa, inda Gwaggo mai shara ke aikinta. Ta girme shi, ta kuma riga shi shiga gidan, kuma kowa Gwaggo yake ce mata.

"Gwaggo, ba ki lura da wani abu a ƙarƙashin benen nan ba?"

"Da ma ina son in tambaye ka wa ke zuba mini yashi." Ta miƙo masa abin kwasar shara. Cikin ɓawon gyaɗa akwai garin siminti da ɓarɓashin tsatsa ja. "Kullum a layi ɗaya, daga wancan ginshiƙin zuwa wancan. In share yau, gobe in tarar."

Sai ya aika a kira masa ƙanin matarsa, wanda magini ne, mutum mai barkwanci da ba ya ganin Na Sama bai tsokane shi ba. Ya shigo yana cewa, "Yaya, yau dai za ka sa ni a fim ke nan. Ni ne jarumi, kai ne mugun da ya sace mana 'yar'uwa." Ya hau tsani, ya ɓamɓare allon silin guda, ya cusa kai da tocila. Daga nan ba a sake jin wasa a bakinsa ba.

Ya sauko yana kakkaɓe kai. "Gungumen kankaren da ke ɗauke da benen ya tsage, yatsana yana shiga. Ruwan bayan gidan sama ne ke tsiyaya a ciki, Allah kaɗai ya san shekara nawa. Rodin ya ruɓe, da farce nake ɓantarar sa."

"Zai kai yaushe?"

"Yaya, ni magini ne, ban san gaibu ba. Zai iya kai shekara biyu. Zai iya zama yammacin nan."

Tsagar ta gangaro har jikin ginshiƙin da ke lungu, bayan layin kujeru na ƙarshe. Maginin ya nemo ɗan guntun gilashin taga mai tsawon yatsa, ya ɗora shi a gicciye kan tsagar, ya liƙe bakinsa biyu da siminti. "Muddin yana nan lafiya, tsagar tana tsaye," ya ce. "Ranar da ya fashe, tafiya take yi. Ranar kada ka tsaya ɗaukar takalmi."

Na Sama ya tafi ofishin Manaja. Manajan sa'an ɗansa na fari ne, mutum mai kirki daidai gwargwado, sai dai yana tsoron mai gidan silimar kamar me. Ya saurara har ƙarshe, ya zo ya duba ginshiƙin, ya buga wa mai gidan waya a gaban Na Sama. Na Sama yana jin muryar tana tashi ta cikin wayar, Manaja kuma ba abin da yake cewa sai "To, yallaɓai. Haka ne, yallaɓai."

Da ya ajiye ya ƙi haɗa ido da shi. "Ya ce bayan damina za a gyara. Ya ce ginin ya girmi maginin naka, kuma bai taɓa faɗuwa ba."

"Ai sau ɗaya yake faɗuwa, Manaja."

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Fim ɗin nan naka ya shiga kanka. Shekara talatin kana kallon mataki, dole ka fara ganinsa ko'ina."

Kwana biyu bayan haka aka turo mai fenti, ya mayar da silin, ya shafe tsagar da farin fenti. Gwaggo ce ta tsaya a kansa da tsintsiya har ya kewaye gilashin bai taɓa ba.

Na Sama ya yi tunanin ajiye aikin. Amma ya san in ya tafi wani za a kawo, wanda ba zai san da gilashi ba balle ya duba. Sai ya ci gaba da haska fim, yana sauka lungun sau uku a rana. Kwana goma sha ɗaya gilashin yana nan garau, har ya fara jin kunyar kansa.

Asabar ɗin ƙarshen wata ta zo da zafi, hadari ya haɗu ya ƙi zuba. An baza a gari cewa za a sayar da tsofaffin injuna, wai wannan ne karo na ƙarshe da za a haska Fim ɗin Matakala. Gidan ya cika maƙil, sama da ƙasa, har aka jera benci a hanya. Da azahar ya duba gilashin, lafiya lau. Ya hau, ya kashe fitilu, ya sa naɗin fim na farko.

Sai da fim ya yi nisa ya leƙa ta tagarsa, ya hango wata a layin gaba na bene, ta karkatar da kai gefen hagu yadda uwarta ke yi in tana sauraro. Autarsa ce, da cikinta wata bakwai, mijinta malamin makaranta yana gefenta. A ɗaya gefen gari suke zaune, bai gaya musu komai ba, don bai taɓa zaton za su zo ba.

Yana cikin naɗi na huɗu aka ƙwanƙwasa ƙofa. Gwaggo ce, wadda ta shekara biyar ba ta hau benen ba saboda ciwon gwiwa. Tana haki, ta buɗe tafin hannunta. Gilashi ne, gida biyu.

"Ban taɓa shi ba," ta ce. "Ina tsaye kusa na ji ƙas."

Makirufon sanarwa yana rataye a ƙusa kusa da kansa. Kalma uku sun isa: ku fita, bene. Amma matakalar benen guda ɗaya ce, mutum biyu ba sa jerawa a kanta. Shekara ashirin da suka wuce wani ya yi ihun gobara da wasa a zauren nan, kuma Na Sama yana cikin waɗanda suka ɗauko mutum biyu daga gindin matakalar bayan an watse. Ya ce wa Gwaggo ta sauka ta buɗe ƙofofin gefe duka, kada ta yi sauri. Ya goge tafin hannunsa a wando. Ya tsayar da inji, ya kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauko makirufon.

"Jama'a, a yi haƙuri," ya ce, da muryar da yake sanar da ɓatan makulli. "Inji ya ɗauki zafi, sai an kashe wutar gidan an duba. Kowa ya fita farfajiya ya sha iska minti goma. Kowa ya riƙe guntun tikitinsa, kujerarsa tana nan. Na bene a sauka a hankali, akwai mata da tsofaffi."

Zauren ya ɗauki tsaki da fito. Wani ya jefo takalmi ya bugi tagar. Ba wanda ya motsa, kowa na tsoron a gaje masa wuri. Na Sama ya miƙa hannu ya kashe fankoki gaba ɗaya. Cikin minti biyu zafi ya sauko kamar bargo, mata suka fara fifita da gefen mayafi, na ƙasa suka fara tashi suna mita.

Sai wasu samari a tsakiyar bene suka fara buga ƙafa a ƙasa, tare, don nuna fushi. Wasu suka kama musu. Na Sama ya ji bugun yana shigowa ta tafin ƙafarsa, gwangwanayen fim suna kaɗawa a kanta, wani siririn gari yana zubowa daga kusurwar ɗakin. Ya danna makirufo.

"Makaɗan bene, an gode, kiɗa ya yi. A ajiye sauran ƙarfin don ƙirga mataki, saura naɗi biyu."

Aka fashe da dariya, bugun ya watse. Samarin suka tashi suna tsokanar juna, layi ya fara gangarawa.

Ya tsaya a taga yana kallon autarsa. Ta miƙe, hannu a ƙugu. Amma mijinta mutum ne mai kawaici, ya tsaya a bakin layi yana ba kowa hanya. Tsoho ya zo, ya ce bismilla. Mai goyo ta zo, ya matsa. Har wani da ya koma ɗauko hularsa sai da ya jira shi. Makirufon yana bakin Na Sama, sunanta yana kan harshensa. Ya san in ya kira ta za ta ji abin da ke cikin muryarsa, ita da ta tashi da muryar nan, kuma fuskarta za ta gaya wa kowa. Ya danne. Ta ɗago ta dubi tagar, ta ɗaga masa hannu tana murmushi. Ya ɗaga mata. Su ne na ƙarshe da suka sauka, tana dafa bango, mataki ɗaiɗai.

Da zauren ya zama fanko, ya kwance gilasan idon injunan biyu, waɗanda in babu su ba hoto, ya zuba a aljihu. Ya bi ta tsakanin kujeru a kan yatsun ƙafa, ya sauka.

A farfajiya ya nuna wa Manaja gilashin da ya fashe. Fuskar Manaja ta canja, amma mutum ɗari bakwai suna bayansa suna jiran a buɗe ƙofa. Na Sama ya hau dakali ya faɗa musu gaskiya: inji lafiyarsa lau, benen ne zai faɗi, kuma shi ba zai sake kunna komai a gidan nan ba.

Mutane suka juya suka dubi ginin. Yana tsaye ƙyam, da sabon fentinsa. Wani ya yi dariya, wasu suka kama. Daga dariya aka koma zagi. Wani ya kaɗe masa hula, aka tattake ta. Surukinsa, mijin autar, shi ne ya shiga tsakani ya janye shi gefe. Manaja ya biyo su, ya miƙo hannu, murya ƙasa-ƙasa. "Kawo makullin ɗakin, Baba."

Kwana uku bayan haka ɗan sanda ya zo gida karɓar gilasan injin, ya ba shi. Aka kawo wani mai haska fim daga wani gari. Mako bai cika ba aka ci gaba da kallo.

Na Sama ya je ofishin masu duba gine-gine, aka ce ya rubuto takarda. Surukinsa ya rubuta masa, ya kai, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ya roƙi Gwaggo ta bar aikin, ta ce, "In tafi ina da wannan gwiwar? Na dai daina share ƙarƙashinsa, Manaja kuma bai ce mini komai ba." Daga nan sai ya koma zama a bencin mai facin taya da ke tsallaken titi. Duk la'asar yana nan, yana tare masu shiga yana ce musu in sun shiga su zauna gaba, kusa da allo. Wasu su ji, wasu su ce Allah ya ba shi lafiya. Aka canja masa suna, aka koma ce masa Bene-zai-faɗi. Kwana biyar, kwana goma, kwana goma sha biyar, benen yana tsaye.

Wata safiya matarsa ta ga ya bar shayinsa ya huce, ta tsayar da keke. "Malam, me ke damunka ban da wanda na sani?"

Bai ɗago ba. "Jiya ina wajen mai faci, motar duwatsu ta juye kaya a bayan layi. Na ji rugugi. Kin san abin da ya fara zuwa mini? Daɗi. Kafin in tuna akwai mutane a ciki, sai da na ji daɗi, na ce yau za su sani." Ya murza idonsa. "Shekara talatin ina kallon mutane suna addu'ar kada matar nan ta taka. Ban taɓa gane cewa rabin zuciyarsu so take ta taka ba, sai da na ji a tawa."

Ta ɗauke kofin daga gabansa. "Tashi ka wanke fuska," ta ce. "Mai son mutane su mutu ba ya zama cikin rana yana roƙonsu kada su shiga."

Ranar kwana na goma sha tara, Alhamis ce, da hantsi, yana ƙofar gida yana gyara wa maƙwabciya fanka. Layi uku ne tsakaninsa da silimar. Ƙarar ba ta yi tsawo ba, amma sai da kofin da ke kan bencinsa ya motsa, tantabaru suka tashi daga rufin gidaje gaba ɗaya. Ya ajiye sukundireba. Wannan karon bai ji wani daɗi ba, ya tashi ya nufi silimar da gudu.

Ya tarar da farar ƙura tana fitowa ta ƙofofin gefe kamar hayaƙi. Gwaggo tana tsaye a bakin famfo, bokiti ya cika yana zuba a ƙafarta, ba ta sani ba. Ya kama kafaɗarta ya tambaye ta ko akwai wani a ciki.

"Manaja," ta ce. "Yanzun nan ya shiga da tocila."

Maginin ya iso da ma'aikatansa da diga da shebur. Ya hana kowa hawa kan tarin, ya sa aka yi shiru, aka kasa kunne. Can aka ji ana buga ƙarfe a hankali daga wajen lungu. Na Sama ne ya san zauren ko a duhu, shi ya nuna musu inda layin kujerun ƙarfe yake, ta nan aka haƙa da hannu, bulo ɗaya bayan ɗaya. Sai bayan azahar aka zaro Manaja. Kujerun sun tare masa kai da ƙirji, amma ƙafar hagu ta tafi.

Ɗakin injin ya sauko tare da benen. Da ake kwashe ɓaraguzai wani ya kawo wa Na Sama gwangwani ɗaya da ya lotse, zaren fim ya fito kamar hanji, ya jiƙe da ruwan bututu. Ya juya shi a hannu ya mayar kan tarin. Waɗanda suka yi masa dariya suka koma gaishe shi da rusunawa, ana nuna shi a kasuwa. Bai ji daɗin wannan ba ko kaɗan, har ya rage fita. Ya kafa tebur a ƙofar gida yana gyaran fanka da dutsen guga, autarsa kuma ta sauka lafiya, ta samu 'ya mace.

Sai da Manaja ya yi wata guda a asibiti sannan ya aiko yana son ganinsa. Na Sama ya same shi ya rame, bargo ya kwanta shafal a inda ƙafa take a da. Suka gaisa.

"Tun ranar Asabar ɗin nan ban sake barin matata ta zo kallo ba, Baba," in ji Manaja. "Amma na bar matan wasu."

Na Sama ya ja kujera ya zauna, Manaja ya ci gaba.

"Kullum da safe nakan shiga in sa fensir a tsagar. Da farko bakinsa kawai ke shiga. Ranar nan hannuna ne ya shige. Na juyo ke nan zan fita in rufe gidan, ko me mai gidan zai ce." Ya lashi leɓe. "Ba don wannan na kira ka ba. Mai gidan yana da wani gini a bayan tashar jirgin ƙasa, gidan haya mai hawa huɗu. Ɗan kwangila ɗaya ne ya gina shi da silimar, shekara ɗaya. Ni nake kai masa saƙon 'yan haya. Tun bara suke ƙorafin ƙofofin hawa na biyu sun daina rufuwa, sai an sassaƙe su."

"Mutum nawa ne a ciki?"

"Iyali arba'in da wani abu."

Washegari da sassafe Na Sama ya biya wa maginin, suka shiga motar haya. Maginin bai yi tsokana ba ko sau ɗaya a hanya. Suka sauka a tasha, suka bi ta gefen layin dogo har suka ga ginin. Dogo ne, ruwan toka, an shanya wanki a kowace baranda. Rediyo na tashi daga wani ɗaki, wani yana aske gemu a taga, ana jin ƙarar turmi da kukan jariri daga can sama. A jikin bangon gabas wani koren tabon ruwa ya gangaro tun daga hawa na uku har ƙasa. Maginin ya tsaya ya daɗe yana kallonsa, hannu a baya.

Wata mata ta fito daga ƙofar shiga da baho a ka, ta gan su tsaye suna kallon sama. Ta gaishe su, suka amsa.

"Baba, ɗaki kuke nema? Babu ko ɗaya, gidan a cike yake."

"A'a, 'yata," in ji Na Sama. "Mai kula da gidan muke nema. In ba ya nan, ki nuna mana ɗakin wanda ya fi kowa daɗewa a ciki."